Kafin Zagaye Ya Zo Kanka

Yau zan kai ka wurin da ba na tsammanin ka taɓa shiga, ba na kuma yi maka fatan shiga: zauren caca a birnin Las Vegas, jihar Nevada, ƙasar Amurka. Kada ka rufe littafin tukuna. Caca ta cinye albashin magidanta, ta raba miji da mata, ta bar yara ba kuɗin makaranta, kuma abin da muka sani a kanta yana nan yadda yake. Amma a kan teburin masu wasan karta da ake kira poka akwai wata ƙa'ida da ta daɗe tana ba ni tunani. Mutane tara ne zaune, ba su san juna ba, ba su amince da juna ba, kowa ya zo ne ya kwashe abin da ke gaban maƙwabcinsa. Duk da haka sun haɗu a kan magana guda: kada wani ya yi motsi kafin zagaye ya zo kansa. Wanda ya karya wannan, ko da ba da gangan ba, sai ya ga fuskokin tebur sun canja.

Me ya sa? Sai ka ɗan san yadda wasan yake kafin ka ga nauyin tambayar.

Irin poka da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira Texas Hold'em. Karta 52 ce. Mai rabo yana ba kowa guda biyu a kife, mai su kaɗai ke gani. Daga baya a buɗe guda biyar a tsakiyar tebur, na kowa da kowa: uku a karon farko, sai ɗaya, sai kuma ɗaya ta ƙarshe. Sau huɗu ake zagayen zuba kuɗi, kuma ba takardar kuɗi ake zubawa ba, wasu kwandaloli ne masu launi-launi da ke tsayawa a madadinta. In zagaye ya zo kanka, zaɓinka kaɗan ne. In ba wanda ya zuba kafin kai, kana iya ƙwanƙwasa tebur ka wuce, ko ka zuba. In wani ya riga ya zuba, ko dai ka amsa da daidai abin da ya sa, ko ka ƙara a kai, ko ka tura kartarka ga mai rabo ka janye. Magana tana tafiya ne daga hagun mai rabo, yadda hannun agogo ke zagayawa, mutum ɗaya bayan ɗaya.

To, a nan ne abin yake. Wanda ya yi magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi. Ya ga wanda ya zuba da ƙarfin zuciya, ya ga wanda ya yi jinkiri, ya ga wanda ya janye. Wanda ya fara magana kuwa cikin duhu yake tafiya. Masu wasan sun san cewa zama a ƙarshe dukiya ce, har tana iya fin kyakkyawar karta amfani. Shi ya sa akwai wani ɗan farin faifai da ake turawa kujera ɗaya zuwa hagu bayan kowane rabo, domin yau in kai ne a duhu, an jima kai ne za ka ga kowa. Kowa yana shan wahalar farawa daidai da yadda yake cin moriyar ƙarshe.

Yanzu ka ɗauka mutum uku suka rage a rabo. Na farko ya zuba dala 100. Na tsakiya yana riƙe da karta matsakaiciya, yana tunani. Abin da ke damunsa ba na farkon kaɗai ba ne, akwai na ukun da ke bayansa wanda bai yi magana ba tukuna. In ya amsa ɗarin nan, na ukun kuma ya ƙara ɗari uku a kai fa? Wannan tsoron kaɗai ya isa ya sa shi janyewa. Yana cikin wannan tunani sai na ukun, da ya gaji da jira, kartarsa kuma ba ta da kyau, ya jefar da ita ya ɗauki wayarsa. A ganinsa bai yi kome ba. Kartarsa ce, dama zai janye, me ya rage in ya yi yanzu ko bayan minti ɗaya?

Amma duba abin da ya faru. Tsoron na tsakiya ya tafi, domin ba kowa a bayansa kuma. Sai ya amsa. In na farkon burga yake yi, wato ya zuba ne ba tare da karta mai ƙarfi ba don ya kori sauran, to an kama shi, ya rasa duk abin da ke tsakiya saboda gajen haƙurin mutumin da ba ya ma cikin rigimar. In kuwa na farkon kartarsa mai ƙarfi ce, na tsakiyan ne ya yi asarar dala 100 da da bai fitar ba. Ko ta wace hanya, wani ya biya. Wanda bai biya ko sisi ba shi ne wanda ya yi azarɓaɓin.

Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne abu na farko da teburin ya koya mini. Mai tsallake layi kusan kullum kansa yake dubawa, ya ga bai ci riba ba, ya ga bai nufi kowa da sharri ba, sai ya wanke kansa. Lissafinsa daidai ne a kan aljihunsa. Abin da bai lissafa ba shi ne cewa shirunsa ma wani abu ne da sauran ke dogara da shi. Muddin yana zaune riƙe da kartarsa bai ce uffan ba, yana riƙe wa na farko da na tsakiya adalcin da suka zauna a kansa. Da ya saki kartar, ya ba ɗaya labari kyauta, ya hana ɗaya kariyar da ta zama hakkinsa.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaure kai. Wannan wasa ne da aka halatta ruɗi a cikinsa. Burga ita ce gishirinsa. Mutum yana iya tura duk kwandalolinsa da kartar banza a hannu, ya ɗaure fuska kamar mai riƙe da sarakuna, in ya kori kowa a tafa masa, a nuna shi a talabijin, a kira shi gwani. To yaya za a yi mutanen da suka yarda a yaudare su da dubban daloli su tayar da jijiyar wuya don wani ya riga maƙwabcinsa magana da daƙiƙa goma? Ba munafunci ba ne?

Na daɗe ina juya wannan, ga kuma inda na tsaya. Duk wanda ya ja kujera ya zauna ya san za a yi masa burga, shi ma zai yi. Ya sa hannu a kan haka da zamansa, kamar yadda ɗan kokawa ya yarda a kayar da shi. Yawan kuɗin da mutum ya zuba ba rantsuwa ba ce a kan abin da ke hannunsa, kowa ya san haka. Amma ba wanda ya zauna da yardar a ƙwace masa lokacin yanke shawararsa. Burga tana faruwa ne a cikin wasa, tana kuma barin abokin karawa da cikakken ikonsa ya yarda ko ya ƙi. Riga mutum magana kuwa tana taɓa tsarin da ya sa wasan ya zama wasa. Ba ina wanke burga ba ne, ka fahimce ni. Mai bi yana da tambayoyinsa a kan zama inda gwaninta ita ce iya ruɗin ɗan'uwa. Abin da nake nuna maka shi ne, ko a inda aka sassauta wa gaskiya har haka, an ga cewa in aka bar kowa ya yi magana sa'ad da ya ga dama, zaman ya watse.

Kuɗin da ke ciki ne ya tilasta musu rubuta doka. Babbar gasar duniya ta wannan wasa, World Series of Poker, ta fara ne a 1970 a gidan cacar Binion's Horseshoe a Las Vegas, da 'yan mutane kaɗan da suka san juna. Zuwa 2006 mutum 8,773 ne suka biya dala 10,000 kowannensu don shiga babban wasanta, wanda ya yi nasara kuma ya tafi da dala miliyan 12. Inda baƙi dubbai ke zaune da irin wannan kuɗi, kunya da sanayya ba za su riƙe tebur ba. A 2001 wasu masu shirya gasa suka kafa ƙungiya mai suna Tournament Directors Association don a daidaita ƙa'idoji, gasa da yawa a duniya kuma suna bin nata.

Ga abin da ƙa'idarsu ta tanada a kan wanda ya yi motsi kafin lokacinsa. Ana mayar da magana ga wanda aka tsallake. In waɗanda ke gabansa suka wuce, ko suka amsa, ko suka janye, wato yanayin bai canja ba, to abin da ya faɗa ya hau kansa, dole ya cika. In ya ce ya zuba ɗari biyar, ɗari biyar ɗin zai zuba ko ya canja ra'ayi. Amma in wani a gabansa ya zuba sabon kuɗi ko ya ƙara, an sake shi, domin ya yi maganarsa ne a kan yanayin da yanzu babu shi. Janyewa ce kaɗai ba ta da gyara: wanda ya jefar da kartarsa kafin lokaci, ta tafi ke nan.

Dalilin ɗaure shi da maganarsa yana da kyau a sani. In ba haka ba, mai wayo da ke zaune a ƙarshe, wanda ke son ganin karta ta gaba ba tare da ya biya ba, zai tura kwandaloli da wuri kamar bisa kuskure. Na gabansa da ke shirin zubawa sai ya tsorata, ko ya ce bari in wuce in bar shi ya zuba. Da zarar an wuce, sai mai wayon ya janye hannunsa ya ce ai ni ma na wuce. Ya sami abin da yake so da maganar da bai yi niyyar cikawa ba. Dokar ta toshe wannan ƙofa ta hanya mai sauƙi: ka faɗa, ka cika. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. A teburin nan an mai da karin maganar doka, har da mai tilasta ta.

Wataƙila ka ce, to wanda ya yi kuskure na gaskiya fa? Akwai su da yawa. Wani bai ga maƙwabcinsa yana da karta ba domin ya rufe ta da hannu. Wani ya yi awa goma a zaune, ido ya yi nauyi. Wani baƙo ne, yau ya fara. Dokar ba ta tambayar zuciyarsa kafin ta ɗaure shi, da farko kuma na ga kamar rashin tausayi ne. Daga baya na ga ba haka ba ne. Mai rabo ba ya ganin zuciya. In aka ce duk wanda ya yi rantsuwa cewa kuskure ne a sake shi, maƙaryaci ne zai fi kowa cin moriya, domin shi ya fi iya rantsuwa. Ban da haka, asarar da na farko ya yi a misalinmu ba ta ragu da ko dala ɗaya ba don na ukun bai yi da gangan ba. Inda niyya take shigowa shi ne wajen horo. Mai kuskuren farko akan ja masa kunne da baki. Mai maimaitawa, ko wanda aka ga da gangan yake yi, shi ne ake tayarwa daga tebur. Sun raba abu biyu da mu kan cakuɗa: gyara ɓarnar da aka yi, da hukunta wanda ya yi ta. Sau nawa ka ce wa matarka ko abokin aikinka, ai ban yi nufin haka ba, kana jin cewa da wannan magana an gama? Rashin mugun nufi yana rage maka laifi. Bai ɗauke maka gyaran abin da ka ɓata ba.

Sai dai doka, kome tsananinta, tana da iyaka, akwai kuma wani abin da ya faru da ya nuna haka a fili. A 2011, a wasan ƙarshe na gasar European Poker Tour a birnin Madrid na ƙasar Sifen, wani ɗan ƙasar Benezuwela mai suna Ivan Freitez yana karawa da wani mai suna Eugene Yanayt. An buɗe karta ta ƙarshe, Yanayt ya zuba. Freitez ya furta kalmar ƙari da bakinsa, amma ya tura kwandaloli daidai na amsawa kawai, sa'an nan ya ce amsawa yake nufi, harshe ne ya kuɓuce masa. Aka kira alƙalin gasar, Thomas Kremser. Doka a fili take: abin da baki ya furta a lokacinsa shi ne ke tsayawa, don haka dole Freitez ya yi ƙari mafi ƙanƙanta. Amma ka ga inda dabarar take. Duk wanda ya ga mutum yana neman janye ƙarinsa zai ɗauka kartarsa ba ta da ƙarfi, sai ya amsa da sauri. Kremser ya zartar da dokar, sa'an nan ya yi abin da ba a saba gani ba: ya gaya wa Yanayt a gaban kowa cewa wannan mutum ya taɓa yin irin haka a baya, kuma da karta mai ƙarfi ya yi. Duk da gargaɗin, Yanayt ya amsa. Freitez ya buɗe karta mai ƙarfi ƙwarai, ya kwashe. Daga baya ma shi ne ya ci gasar gaba ɗaya.

Ka lura, dokar da aka kafa don kare mutane daga mai janye magana ita ce ta zama tarkon. An tilasta wa mutum ya yi abin da, ga dukan alamu, dama shi yake so ya yi. Ba a ƙwace masa kofi ba, ba a rage masa kuɗi ba. Amma har yau in masu wasan suna neman misalin cin nasara ta hanyar da ba ta da mutunci, wannan rabon suke ambata. Ina ganin mu da muka taso cikin ikkilisiya ya kamata wannan ya tsaya mana a rai, domin mun iya irin wannan tafiya. Mun san yadda ake bin tsarin taro sarai, a ɗaga hannu, a ce shugaba na gode, amma an riga an gama maganar jiya da dare a gidan wani, waɗanda abin ya shafa kuma sai dai su zo su tarar. Ba layin doka ko ɗaya da aka taka. An dai ci lokacin wasu tun kafin su zauna.

Yanzu bari in tsaya a gefen mai gaggawa, domin yana da hujja, ba kuma ƙarama ba ce. Wani lokaci wanda zagaye ke kansa ba ya motsi. Yana jan lokaci, ko don rashin sanin abin yi, ko don mugunta. A gasa, kuɗin dole da ake sawa kafin kowane rabo yana ƙaruwa bisa agogo, saboda haka duk mintin da mai nawa ya ci, masu 'yan kwandaloli kaɗan ne ke shan wahalarsa. Za a ce su zauna su zuba ido har abada?

Ba a ce haka ba. An ba su hanya, amma ba ta tsallake shi ba ce. Ɗan wasa yana iya roƙon a sa wa mai jinkiri agogo. Alƙali ya zo, in ya ga an ba shi isashen lokaci, sai ya ƙirga masa wasu 'yan daƙiƙoƙi. In suka ƙare bai ce kome ba alhali akwai kuɗin da zai amsa, kartarsa ta mutu. Ka ga bambancin? Wanda ya gaji bai yanke wa mai jinkiri shawara ba, bai kuma yi tasa shawarar a kan lokacin wani ba. Ya kai kuka inda ya dace, a bayyane, da sunansa a kai. Wannan ya fi wuya, domin mai jinkirin zai san wanda ya kira masa agogo, wataƙila ya harare shi har dare. Jefar da karta a ɗauki waya ya fi sauƙi, shi ya sa aka fi yin sa.

Ba zan iya wuce nan ban tuna maka da Saul a Gilgal ba, cikin 1 Sama'ila sura 13. Ya jira kwana bakwai kamar yadda aka ce masa. Filistiyawa sun taru a Mikmash, mutanensa suna watsewa, Sama'ila bai iso ba. Duk dalilan da ya kawo daga baya gaskiya ne, ba ƙirƙira ya yi ba. Hadayar da ya miƙa ma ba mugun abu ba ce, za a miƙa ta ko ta yaya. Yana gamawa sai ga Sama'ila. Abin da ke ba ni tsoro a labarin shi ne kusancin: ya yi haƙurin kwana bakwai, abin da ya rage bai kai yini ba. Azarɓaɓi ba kasafai yake kama mutum a farkon jira ba. Yakan zo ne sa'ad da hujjojinka suka cika, kowa ma zai ce ka yi ƙoƙari.

Kada kuma ka ɗauka cewa darasin teburin shi ne a yi shiru kullum. Akwai wurare biyu da ƙa'idarsu ta ɗora wa mutum nauyin buɗe baki. Na ɗaya, wanda aka tsallake. In magana ta wuce ka kana kallo, ka yi shiru kana jiran ka ga abin da na bayanka za su yi kafin ka ce ai ban yi magana ba, to kai ma ka zama mai cin lokacin wasu. Dole ka tsayar da wasa nan take. In ka bari har mutane da dama suka yi motsi a bayanka, alƙali ne zai yanke hukunci a kan kartarka, kana iya rasa ta. Wannan ya taɓa ni, domin akwai irin haƙurin da ba haƙuri ba ne. Mutum ya ga an tsallake shi a gida ko a wurin aiki, ya haɗiye, ya ajiye abin a zuci kamar jari, sai bayan wata shida, da abin ya lalace, ya fito da shi: ai dama ba a tambaye ni ba. Na biyu, in mai rabo ya yi kuskure, misali zai tura kuɗin tsakiya ga wanda bai ci ba bayan an buɗe karta, kowa a teburin yana da hakkin ya faɗa, har wanda ya janye tun tuni. A nan shiru ne laifi.

To yaya za ka gane lokacin da magana take azarɓaɓi da lokacin da take wajibi? Abin da na gani a tsarinsu shi ne tambaya ɗaya: shawarar ta wane ne? In wani yana tsakiyar yanke abin da yake nasa ne ya yanke, bakinka ba shi da wuri a ciki. Shi ya sa wanda ya janye ba ya faɗin kartar da ya jefar, ba ya ma dafe kai ko ya yi tsaki in ya ga wadda za ta ba shi nasara ta fito, domin tsakin nan labari ne ga waɗanda suka rage. Shi ya sa kuma suke cewa mutum ɗaya ne ga kowace karta, ba a ba wa mai tunani shawara ko da amininka ne. Amma in gaskiyar da ke a fili ce za a tauye, wadda ba shawarar kowa ba ce, to faɗinta aikin kowa ne.

Gwada wannan tambayar a kan abin da ya fi karta nauyi. An yi rasuwa da asuba a asibiti. Kai ka ji da wuri domin kana kusa. Kafin ƙarfe bakwai ka sa hoton marigayin a WhatsApp da kalmomin ta'aziyya masu kyau, zuciyarka kuma cike take da baƙin ciki na gaske. Ɗiyarsa da ke makaranta a wani gari ta buɗe waya a aji, a nan ta gani. Labarin gaskiya ne, niyyarka mai kyau ce, ko ba kai ba za ta ji kafin rana ta faɗi. Amma akwai kawunta da ke kan hanya don ya gaya mata da bakinsa, ya riƙe ta in ta faɗi. Lokacinsa ne ka ci, ita ce kuma ta biya. Haka yake da cikin da mai shi ba ta sanar ba tukuna, da neman auren da iyaye ba su gama magana a kai ba, da sirrin da aka kawo maka don addu'a kai kuma ka kai shi gaban jama'a da sunan roƙon addu'a. Haka yake sa'ad da likita ya tambayi matarka inda ke mata ciwo ka amsa mata, ko aka tambayi ɗanka abin da yake so ya karanta ka riga shi buɗe baki. Mai yiwuwa amsarka ita ce daidai. Shi ma na ukun nan da ya jefar da kartarsa, janyewar ita ce daidai a gare shi.

Wani abu kuma, a taƙaice. Masu yin wannan wasa ta intanet ba sa fama da matsalar nan sam. Kwamfuta ba ta karɓar motsinka sai zagaye ya zo kanka. Kana iya danna zaɓinka tun da wuri, amma tana ɓoye shi har lokacinka ya yi. Mutum zai yi shekaru yana wasa a haka bai taɓa tsallake kowa ba. Ranar da ya fara zama a tebur na gaske, da mutane masu numfashi a gefensa, sai ka ga hannunsa yana rigan lokaci, domin bai taɓa koyon jira ba, na'ura ce take jira a madadinsa. Yana da kyau ka tambayi kanka nawa ne daga cikin haƙurin da ake yabonka da shi naka ne, nawa ne kuma na shingen da ke kewaye da kai: idon fasto, tsoron maigida a wurin aiki, rashin dama. Ranar da aka ba ka kujerar da ba mai iya ce maka dakata, a nan za a gani.

Horon da suke yi wa mai maimaita laifin yana da matakai. Akwai jan kunne, akwai hana shi rabo ɗaya, akwai hana shi zagaye ɗaya ko fiye, akwai kora daga gasa gaba ɗaya. Wanda aka hana zagaye, tashi yake yi ya bar teburin. Kujerarsa tana nan, kwandalolinsa suna nan, mai rabo yana ci gaba da ajiye karta biyu a gaban kujerar yana kuma kwashe su ba a buɗe ba. In kuɗin dole ya zo kan kujerar, a ɗiba daga tarinsa a sa a tsakiya. Shi kuwa yana can tsaye nesa da tebur, har sai ɗan farin faifan nan ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya ya dawo inda ya bar shi.